Wa ya ba ɗan damfara lambar BVN ɗinka?

Idan kana da asusun banki da wayar hannu a Najeriya, da wuya a ce ba a taɓa yi maka irin kiran nan ba. Murya ce mai ladabi, wani lokacin ma da Hausa tsantsa. Wai daga hedikwatar bankinka ake kira, an ga matsala a BVN ɗinka, kuma za a rufe asusun yau ɗin nan idan ba a gyara ba. Kafin ka ce uffan ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka da lambar asusunka. Abu ɗaya ya rage masa: lambobin nan da za su shigo wayarka yanzu, ka karanto masa su.

Nasihar da ake yi mana a kan wannan kowa ya haddace ta. Kada ka ba kowa PIN, kada ka ba kowa OTP, banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Gaskiya ce, kuma a ci gaba da faɗa. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, kuma ita nake so mu tsaya a kanta yau: shi wannan mutumin, a ina ya samo sauran bayanan? Kai dai ba ka san shi ba. Ba ka taɓa ba shi ranar haihuwarka ba. To wa ya ba shi?

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mun daɗe muna ɗora wa wanda aka cuta laifin gaba ɗaya, muna ƙyale wanda aka ba amana. Ranar da ka buɗe asusu, ba kuɗi kaɗai ka damƙa wa banki ba. Ka ba shi hotonka, zanen yatsunka, adireshin gidanku, lambar wayarka, sunan magajinka. Wannan ma ajiya ce, kuma tun 2023 akwai doka a ƙasar nan da ta ce idan mai ajiya ya yi sakaci da ita, kana da bakin magana. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu san da dokar ba, waɗanda suka sani kuma sun ɗauka ta masu kuɗi ce da 'yan boko.

Ta ina bayanan suke fita?

Idan aka ce bayanai sun fita, abin da ke zuwa ran mutane shi ne wani gwanin kwamfuta a ɗaki mai duhu yana kutse. Wannan yana faruwa. A watan Yulin 2019 bankin Capital One na Amurka ya sanar cewa an shiga rumbun bayanansa an kwashi na mutum kusan miliyan 100 a Amurka da kusan miliyan 6 a Kanada. Babban banki ne, mai kuɗi da ƙwararru, amma kuskuren saiti a tsarin tsaronsa ya isa ya buɗe ƙofa.

Sai dai a wajenmu sau da yawa abin bai kai nan ba. Ɓarawon gida ya fi wuyar kamu. Ma'aikacin da ke iya buɗe bayanan dubban mutane a kwamfutar ofis, albashinsa bai kai masa ƙarshen wata ba, ga wani a waje yana yi masa tayi. Akwai kamfanonin da bankuna ke ba kwangilar buga kati ko tura saƙonni ko tantance masu buɗe asusu, kowannensu na riƙe da wani yanki na bayananka. Akwai wakilan da ke yawo kasuwa-kasuwa da makarantu suna buɗe wa mutane asusu da wayoyinsu na kansu, hoton katinka na zama a wayar har ranar da za a sayar da ita ko a sace. Akwai fom ɗin da ka cike da biro, wanda ba ka san inda ya kwana ba.

Kuma kasuwar a buɗe take. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative mai fafutukar haƙƙin jama'a a intanet ta fallasa wasu shafuka da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, ciki har da NIN da BVN, a kan kuɗin da bai wuce Naira 100 ba. Don ta nuna ba wasa take ba, ƙungiyar ta ce ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanai ta ƙasa kansa, Vincent Olatunji. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Ko ma dai ta ina suka fita, ka tsaya ka yi tunani: idan na minista Naira 100 ne, naka nawa ne?

Alƙaluman NIBSS, wato cibiyar da ke haɗa hada-hadar bankunan ƙasar nan, sun nuna kuɗin da aka yi asara ta hanyar zamba sun tashi daga sama da Naira biliyan 17 a 2023 zuwa sama da biliyan 52 a 2024. Ba duka ne suka samo asali daga fitar bayanai ba, amma ɗan damfara ba ya aiki a makance. Sai ya san ka kafin ya kira ka.

"To ai ba a taɓa kuɗina ba"

Wannan ce maganar da na fi jin tsoro a bakin matasa. Wani zai ce maka asusun nasa ma Naira 700 ce a ciki, su zo su ɗauka. Ɗan'uwa, ba kuɗin da ke ciki ne kaɗai abin sata ba. Kai ne.

PIN idan ya fita, minti biyu ka canza shi. Katin ATM idan ya ɓata, a toshe a ba ka sabo. Amma BVN, tun da aka ƙaddamar da ita a watan Fabrairun 2014, lamba ɗaya ce ga mutum ɗaya, haɗe da yatsunsa da fuskarsa, kuma ita ce ta ɗaure duk asusun da kake da su. Haka NIN, wadda yanzu aka ɗaure da layin wayarka da asusunka. Ba riga ba ce da za ka cire ka sa wata. Idan suka fita sun fita ke nan, kuma za su iya yin shekaru a hannun mutane kafin a yi amfani da su.

Da su ake karɓar bashi a manhajojin ba da rance da sunanka, sai dai kawai ka ji ana kiran 'yan'uwanka ana ce musu kai macuci ne. Da su ake ƙoƙarin ɗauke layinka a mayar kan wani sim, ka ga wayarka ta ɗauke sabis, kana zagin kamfanin waya, alhali saƙonnin bankinka na sauka a hannun wani. Mafi muni, da su ake buɗe asusun da za a zuba kuɗin damfara ko kuɗin fansa. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawun kuɗin, sunan da za su gani naka ne, adireshin da za su zo na gidanku ne. Ke 'yar'uwa mai sana'ar sayar da kaya a Instagram ko WhatsApp, ki ƙara da wannan: wanda ya san adireshinki da yawan kuɗin da ke shigo miki a wata, ya san abin da bai kamata baƙo ya sani ba.

Abin da doka ta ce

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 37 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, kuma da su ne ta ci kamfanin ba da rance na Sokoloan tarar Naira miliyan 10 a 2021 saboda keta sirrin masu karɓar bashi. Amma cikakkiyar doka ta zo ne a watan Yunin 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC.

Ga abubuwan da ya kamata ka riƙe daga cikinta.

Na ɗaya, dole ne duk wanda ke riƙe da bayananka ya tanadi matakan tsaron da suka dace. Ba alfarma yake maka ba.

Na biyu, sashe na 40 ya ce idan bayanai suka fita ta yadda za su iya jefa mutane cikin haɗari, mai riƙe da su yana da awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da NDPC. Idan kuma haɗarin babba ne, dole ya sanar da kai mai bayanan nan take, da harshe mai sauƙin fahimta, ya kuma gaya maka matakin da za ka ɗauka don kare kanka. Wato rufa-rufa ita kanta laifi ce.

Na uku, sashe na 34 ya ba ka ikon tambayar banki: waɗanne bayanaina kuke riƙe da su, me kuke yi da su, su wa kuka ba, kuma har zuwa yaushe za ku ajiye? Kana da ikon neman a gyara kuskure, da neman a goge abin da babu sauran dalilin riƙe shi. A nan ka sani cewa dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ta wajabta wa bankuna ajiye bayanan hulɗa na aƙalla shekara 5, don haka ba komai ne za a goge maka don ka nema ba.

Na huɗu, akwai hukunci. Ga manyan masu riƙe da bayanai irin su bankuna, tarar na iya kai wa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Kashi 2 na kuɗin shigar babban banki ba kuɗin shan shayi ba ne.

Na biyar, wanda ya fi shafar aljihunka: sashe na 51 ya ce duk wanda ya cutu ko ya yi asara saboda an karya wannan doka, yana iya zuwa kotu ya nemi diyya.

Kada ka ce a takarda kawai abin yake. A watan Agustan 2024 NDPC ta sanar da cin bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, bayan binciken da ya faro daga ƙorafin mutum ɗaya da ya ce an yi amfani da bayanansa wajen buɗe asusu ba da izininsa ba. Bankin ya musanta cewa ya karya doka. Ni abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne mafarin maganar: mutum ɗaya ne ya zauna ya rubuta ƙorafi. Bai yi zagi a Facebook ya tafi ya kwanta ba.

Idan abin ya same ka, ga yadda za ka bi

Awannin farko su ne komai. Idan ka ga alat ɗin cirar kuɗin da ba kai ka yi ba, ko layinka ya ɗauke haka kawai, ka toshe asusun kafin ka yi komai. Bankuna na da lambar da ake dannawa a toshe asusu, ko da daga wayar wani ne. Nemo ta bankinka yau, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, don ranar da aka sace wayar ba za ka samu damar bincike ba. Sannan ka sanar da sashen yaƙi da zamba na bankin nan take. Kuɗin sata ba sa kwana a wuri ɗaya, ana rarraba su ne asusu-asusu, kuma damar a riƙe su a bankin da suka sauka tana raguwa da kowane minti.

Bayan haka ka tara hujja. Ɗauki hoton kowane alat da kowane saƙo, rubuta lambar da ta kira ka da ranar da lokacin, karɓi takardar bayanin shige da ficen asusunka. Kada ka goge komai don haushi. A gaban hukuma ko alƙali, "wallahi haka aka yi" ba ta kai takarda ɗaya nauyi ba.

Ƙofa ta farko ita ce bankin kansa, amma a rubuce. Zuwa ka yi hayaniya a gaban kanta ba ƙorafi ba ne, domin kana fita maganar ta bi iska. Rubuta takarda ko imel, ka faɗi abin da ya faru da kwanan wata, ka faɗi abin da kake nema, ka karɓi lambar ƙorafi, a buga maka hatimi a kwafinka. Dokar 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanai su naɗa jami'in kare bayanai, don haka ka tura masa kwafi, ka yi masa tambaya kai-tsaye: shin bayanaina sun fita daga wajenku, kuma su wa suka buɗe bayanan asusuna a 'yan kwanakin nan?

Ƙofa ta biyu Babban Bankin Najeriya ne. Yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma tsarinsa shi ne ka fara kai kuka bankinka, ka ba shi mako biyu a yawancin ƙorafe-ƙorafe. Idan bai warware ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, sai ka ɗaukaka zuwa CBN da lambar ƙorafin nan da kwafin takardunka. Ba a biyan ko sisi. Wannan ƙofar ta fi dacewa da maganar kuɗin da suka fita daga asusu.

Ƙofa ta uku NDPC ce, ita kuma ta maganar bayanan ce kansu, ko an taɓa kuɗinka ko ba a taɓa ba. Sashe na 46 ya ba ka damar kai mata ƙorafi, kuma tana da ikon bincike da neman takardun da kai ba za ka taɓa iya karɓowa daga banki ba. Idan ta samu laifi, tana iya ba da umarnin a gyara, a biya wanda aka cuta diyya, ko a biya tara. Wanda bai gamsu da umarninta ba yana da kwana 30 ya nemi kotu ta duba.

Ƙofa ta huɗu ta masu laifin ce. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutse da satar shaidar mutum, har ta keɓe hukuncin ɗaurin shekara 7 ko tarar Naira miliyan 5 ko duka biyun ga ma'aikacin cibiyar kuɗi da ya yi amfani da abin da ya sani a wurin aiki ya aikata irin wannan zamba. Kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet, ko ga EFCC. Ko ba a kama kowa ba, takardar rahoton garkuwarka ce ranar da aka ga sunanka a asusun da ba kai ka buɗe ba.

Ƙofa ta biyar kotu. Rikici tsakanin mutum da bankinsa ana iya kai shi Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya, kuma lauya zai duba ko ƙarar neman diyya ce ta fi dacewa ko ta tauye haƙƙin ɗan'adam a ƙarƙashin sashe na 37. Idan babu kuɗin lauya, a gwada Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, da cibiyoyin taimakon shari'a na tsangayoyin koyon aikin lauya a jami'o'i, da ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a a intanet.

Ƙarin abu ɗaya: dokar 2017 kan bayanan bashi ta ba ka damar karɓar rahoton bashinka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke tattara shi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. A nan ne za ka gani idan wani ya ci bashi da sunanka.

Kada in yi maka romon baka

Hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Babbar wahalar ita ce tabbatar da ta inda bayanan suka fita. Ka ba banki BVN ɗinka, ka ba manhajar rance, ka ba mai POS, ka cike ta a fom ɗin neman tallafi har sau uku. Lauyan banki zai tambaye ka: ta yaya ka san daga wajenmu ne? Idan kuma kai da bakinka ka karanta wa ɗan damfara OTP, bankin zai ce sakacinka ne, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Ba ta wanke shi daga tambayar yadda sauran bayanan suka fita ba, amma tana raunana neman a dawo maka da kuɗi.

Sannan tara daban, diyya daban. Tarar da hukuma ta ci banki ba aljihunka za ta shiga ba. Idan kana son a biya ka, sai ka nema da bakinka, ka kuma nuna asarar da ka yi. Shari'a kuwa kowa ya san tafiyar hawainiya take, kuma wanda aka sace wa Naira dubu 40 ba zai ɗauki lauyan dubu 300 ba.

A nan ne darasin Amurka yake da amfani. Bayan abin da ya faru da Capital One, hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasar ta ci shi tarar Dala miliyan 80 a 2020. Amma mutanen da abin ya shafa ba su tsaya nan ba, sun yi ƙarar taron dangi, bankin ya amince ya biya Dala miliyan 190 don a sasanta. Kowane ɗayansu shi kaɗai ba zai iya ja da banki ba. A Najeriya irin wannan ƙarar ba ta yi ƙarfi kamar can ba, amma dokokin kotunanmu sun san ƙarar wakilci, inda mutanen da matsalarsu ɗaya ke ba wasu daga cikinsu izinin tsaya musu. Kuma ko a gaban NDPC, ƙorafi 200 masu kama da juna a kan wuri ɗaya sun fi ƙarfin a kawar da kai. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Mu da muke iya haɗa guruf na mutum 500 a dare ɗaya saboda wasan ƙwallo ko bikin ƙawa, haɗa waɗanda aka cuta a wuri ɗaya bai kamata ya gagare mu ba.

Namu laifin

Ba zai yiwu mu nemi banki ya kulle ƙofar gaba mu kuma mu bar ta baya a buɗe ba. Dubi abin da muke yi da hannunmu. Wani ya ce zai yi rabon kuɗi a Facebook ko TikTok, cikin minti goma mutum dubu sun jera cikakken suna da lambar asusu da sunan banki a ƙarƙashin rubutun, ga lambar waya a shafinsu, ga ranar haihuwa da abokai ke taya su murna duk shekara. Ɗan damfara bai sha wahalar kutse ba, tsinta kawai ya yi. Wani an turo masa linki a WhatsApp wai gwamnati na raba tallafin dubu 50, ya zuba BVN da NIN, ya kuma tura wa guruf goma. Wata ta karɓi sabon kati ta ɗora hotonsa a sitatus. Manhajar rance ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka, ka danna amincewa ba ka karanta ba, ka sayar da sirrin mutum 400 da ba su ci bashin tare da kai ba.

Akwai wanda ya fi wannan. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bin mutane suna sayen NIN da BVN ɗinsu a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar gaba a buɗe asusun zamba da su. Wasu kuma asusun nasu suke ba da haya, a turo kuɗi su cire a ba su lada. Malam, wannan ba neman na kai ba ne. Ranar da kuɗin suka zama na fansa, wanda ya ba ka dubu biyun ya kashe waya, kai ne za ka yi bayani. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kuma ka tuna da na gida. Mahaifiyarka da ba ta karanta saƙon Turanci, kakanka da ke miƙa wa mai POS kati ya faɗa masa PIN da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, su ne aka fi cuta, su ne kuma ba za su taɓa rubuta ƙorafi ba. Wayar da ke hannunka da karatun da ka yi, wannan ma aikinsu ne.

Abin da ya kamata mu nema

Daga bankuna, su daina ɓoye ɓarna don tsoron zubewar suna. Doka ta ce a sanar, to a sanar, kuma da harshen da mai asusun yake ji. Bankin da ya iya tallata sabon asusu da Hausa a rediyo, ya iya turo gargaɗi da Hausa. Daga NDPC, ta matso kusa da jama'a, ta sauƙaƙa hanyar kai ƙorafi ga wanda ba ya Turanci kuma ba ya zaune a Abuja, ta riƙa bayyana sakamakon bincikenta, ta kuma riƙa amfani da ikonta na sa a biya waɗanda aka cuta, ba tara kaɗai ba. Daga lauyoyinmu matasa na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, ga fage nan sabo da ke neman masu shiga.

Daga mu kuma, mu rage "Allah ya isa" a matsayin matakin farko da na ƙarshe. Yarda da ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi, kuma shirun da muke yi shi ne ya sa sakaci da bayananmu ya zama abu mai arha. Duk ƙorafin da ba a rubuta ba, a lissafin banki da na hukuma bai faru ba.

Kafin ka rufe wannan shafin ka koma TikTok, yi abu uku. Nemo lambar toshe asusun bankinka ka rubuta a takarda. Sa wa sim ɗinka lambar sirri, don wanda ya sace wayar kada ya cire shi ya sa a wata. Sannan ka koma baya a shafukanka ka goge duk inda ka taɓa jera lambar asusunka a bainar jama'a. Idan ka gama naka, ka karɓi wayar Umma ka yi mata nata.